Gashin Bakin Abu Nadim da Tuffar Matarsa

A ƙauyenmu na Kafar Sindiyan, in baƙo ya tambayi gidan Abu Nadim wanzami, ba a buɗe baki. Sai a kai yatsu gefen leɓe a murza iska, sannan a nuna masa gangaren da ke bayan majami'a. Gashin bakin mutumin nan ya fi shi suna, shi ma kuma bai musa ba. Shekara arba'in yana kiwonsa da man zaitun da kakin zuma, kullum safe sai ya murɗe bakunansa biyu sun kalli sama kafin ya yarda ya kurɓi gahawa. Mu kuwa mutanen dutse, in namiji ya kama gashin bakinsa ya yi rantsuwa a gaban jama'a, magana ta ƙare. Ko ya cika, ko aska ta hau.

Da ciwon gwiwa ya matsa masa ya rufe shago, amma hannun bai huta ba, bakin ma haka. A teburin mai gahawa babu abin da bai sani ba. Shi ya san dalilin da ya sa dusar ƙanƙara ta yi jinkiri, shi ya san ciwon motar da bai taɓa buɗe kanta ba, kuma ya sha gaya mana cewa wani babban likitan tiyata na Beirut a wurinsa ya ga yadda ake riƙe almakashi. Mukan saurara mu kaɗa kai, don gardama da Abu Nadim ɓata yini ne.

Abu ɗaya ne a gidan nan ba nasa ba, ita ce bishiyar tuffar da ke bayan ɗaki. Ta matarsa ce, Umm Nadim. Shekarar da aka kawo ta amarya, mahaifinta ya yanko reshe daga gonarsa ta kan tudu, ya zo ya ɗaura shi a jikin wani ɗan dashe, ya yi musu aure da hannunsa. Tsohon ya rasu, 'yan'uwa suka sayar da gonar, aka tumɓuke bishiyoyin aka gina gidajen haya. Irin tuffar nan ƙanana jajaye masu ɗan tsami, duk faɗin dutsen babu sauranta sai wannan guda. Umm Nadim takan gaishe ta da safe kamar mutum. Kowace kaka takan dafa 'ya'yan da sukari ta cika kwalabe, ta aika wa ɗansu Nadim da ke kasuwanci a Kano. Tabon auren nan yana nan a jikin gindin, kumburarre, daidai gwiwar mutum.

To, wata shekara bayan fure ya zube, sai Umm Nadim ta fito ta tarar da bakunan wasu rassa sun yi baƙi ƙirin kamar an bi su da wuta, kan kowane toho ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ganyen ya bushe amma ya ƙi faɗuwa. Hankalinta ya tashi, ta aika aka kira Rima, malamar gona da ke zagaya ƙauyukanmu.

Rima ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Inna, ciwon ƙuna ne. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Takan shiga ta fure ko ta wurin rauni, ta riƙa gangarawa cikin reshe. In ta kai gindi, sai dai haƙuri."

Umm Nadim ta dafe ƙirji. "Yanzu yaya za a yi, 'yata?"

"Duk reshen da ya yi baƙi a sare shi, a wuce baƙin da kamu guda cikin lafiyayyen itace. Kowane yanka ɗaya a tsoma almakashi cikin sifirit. Abin da aka sare a ƙone shi nan take. Kada a jiƙa ganyen, kada a sa mata taki bana."

Abu Nadim yana tsaye hannu a baya yana murmushin tausayi. Ya ce, "'Yata, shekarunki nawa?"

"Ashirin da bakwai, Baffa."

"To almakashina ya girme ki. Kamu guda fa kika ce. Mutum ya zo a rage masa gefe, sai ka yi masa ƙwal-kwabo? Wannan ba gyara ba ne, fashi ne."

Rima ta yi dariya, ta sake nanata wa Umm Nadim abin da ta faɗa, ta hau motarta ta tafi. Ƙurar motar ba ta kwanta ba Abu Nadim ya shiga ɗaki ya fito sanye da farar rigarsa ta shago, riƙe da babban almakashin lambu da ya gada wurin mahaifinsa.

Umm Nadim ta ce, "Ka dai ji abin da yarinyar ta ce."

"Na ji. Ita a takarda ta karanta bishiya. Ni kuwa shekara arba'in ina yanka abin da ke tsirowa."

"Ga kwalbar sifirit ɗinka can a kan kanta."

"Almakashin babana bai taɓa shan komai ba sai man zaitun. Sifirit kashe masa kaifi zai yi."

"A shago ai kana tsoma aska tsakanin kai da kai."

"Wancan kan mutum ne, akwai ƙuraje, akwai makero. Kin taɓa ganin bishiya da makero?"

Ya hau tsani. Abin da ya yi wa bishiyar nan saisaye ne na ƙwararren wanzami. Ya bi baƙin ya tsinke shi daidai inda ya tsaya, ko ɗan yatsa bai ƙara ba, don a sana'arsa wanda ya ɗebe fiye da kima ba a sake zama a kujerarsa. Da ya gama da rassan da ke ciwo, sai ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ya bi lafiyayyun ma da almakashin yana daidaitawa. Kafin azahar bishiya ta yi zagaye sumul. Ya sauko ya ja da baya ya karkata kai, har ya ɗauko madubin hannu ya zaga bayanta ya ɗaga, don sabo. Sannan ya rusuna ya ce mata, "Na'iman," kalmar da muke gaida wanda aka gama yi wa aski da ita.

Rassan da ya zubar kuwa ya tattara su a gindinta. Umm Nadim ta kawo ashana, ya ce ta mayar. Wai abin da ya fito daga jikinta, jikinta zai koma.

Gaskiya dai bishiyar ta yi kyau. Sitt Wadi'a, gwauruwa mai ɗinki da ke gidan sama da nasu, ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai, Abu Nadim, kamar angon da za a kai ɗaki." Wannan kalma ita ta jawo wa unguwa masifa. Washegari a teburin gahawa Abu Nadim ya sanar da cewa ya gano maganin ciwon da ya gagari gwamnati, kuma don zumunci zai bi gida gida ya yi wa kowace tuffa rigakafi, kyauta.

Abu Tanyus, maƙwabcinsa na jikin katanga kuma abokin faɗansa tun suna yara, wanda ke da tuffa biyu da amyar zuma a bayan gida, ya ce, "Nawa lafiyarsu ƙalau, maƙwabci. Na gode."

"Haka kowane mai sanƙo yake cewa kafin ya fara."

Jama'a suka kwashe da dariya, don kan Abu Tanyus ya daɗe da zama fili. Kunya ta sa ya buɗe masa ƙofa. Daga nan Abu Nadim ya shiga aiki gadan-gadan. Kullum safe sai ya fara taɓa bishiyar gidansa, wai don hannu ya warware, sannan ya cusa almakashin a aljihun farar riga da danshinsa da komai, ya nufi gidan mutane. Ya yi wa ta Sitt Wadi'a, ya yi wa na Abu Tanyus, ya yi wa uku da ke ƙofar gidan mai unguwa Abu Ramiz. Duk wadda ya gama sai ya ɗaga mata madubi. Kafin mako ya zagayo, tuffar unguwarmu duk sun zama kai ɗaya kamar sababbin sojoji.

Sai aka yi ruwa, rana ta biyo baya da ɗumi. Baƙin ya dawo a bishiyar Umm Nadim, wannan karon ba a baki ba, can cikin rassa, ga wani ruwa mai yauƙi yana tsattsafowa daga ɓawon kamar ƙaro.

Umm Nadim ta ce, "Ka gani ko?"

"Na gani. Ƙurajen aski ne. Duk fata mai laushi tana yi."

"Abu Nadim, don Allah ka bar ta haka."

"Ɗora mini ruwa a wuta."

Da ta ƙi, ya ɗora da kansa. Ya fara da wankin kai, ya ja tiyo ya yi wa bishiyar wanka tun daga ƙoli, ruwan ya bi ta kan masu ciwo ya sauka a kan masu lafiya, ya fantsama har ƙetaren katanga. Sannan ya buɗe akwatin matarsa ya kwaso tawul ɗin baƙi, waɗanda ko Nadim ba a yarda ya goge hannu da su, ya tsoma su a ruwan zafi ya nannaɗe manyan rassa. A ƙarshe ya zazzage mata kwalbar turaren lemo da yake shafa wa mutane bayan aski. Bishiya ta tsaya da rawuna tana tururi tana ƙamshi.

Abu Tanyus ya ɗora haɓa a katanga. "Maƙwabci, in ka gama a yanke mata farce."

"Yi dariya. Gobe kai za ka zo aron tawul."

"Ta ce ruwan ya yi mata zafi."

"Kai dai kula da ƙudajenka."

Da tawul bai yi ba, sai ya ce yunwa ce, wai maras lafiya sai da abinci mai nauyi. Ya sa wani makiyayi ya juye masa takin awaki cikin mota guda a bayan gida. Rana ta buga takin, wari ya tashi ya hau tudu ya shiga shanyar Sitt Wadi'a, har rigar amaryar da take ɗinka wa 'yar mutane sai da aka sake wanke ta. Ta fito ta tsaya a kan soro ta yi masa wankin babban bargo, ta haɗa da kakanninsa. Shi kuwa ya ɗaga mata hannu kamar ana yi masa kirari.

Takin ya yi aikinsa, sababbin toho masu laushi suka ɓarke ko'ina. Abu Nadim ya tsinko ɗaya ya soke a aljihun riga ya tafi teburin gahawa yana nuna wa mutane. Ciwon nan kuwa babu abin da yake so kamar ɗanyen toho. Kwana kaɗan duk suka sunkuyar da kai suka yi baƙi, babban reshen da ke wajen rijiyar gidan ya mutu ɗungurum.

Umm Nadim ta daina yi masa magana. Takan ɗauki kujera ta zauna a gindin bishiyar cikin warin taki, tana auna baƙin da ido tana ganin yana saukowa. Tsoro ne ya kama ta sosai, irin wanda ta ji lokacin jinyar mahaifinta. Ta kira Rima a waya, Rima ta zo ta kankare ɓawon gindin da wuƙa ta ce har yanzu cikinsa fari ne, in aka sare manyan rassan yanzu yanzu akwai rabo, in aka ƙara jinkiri babu. Umm Nadim ta shiga neman zarto, ta rasa. Ashe maigidan ya ɓoye shi.

Ya ce, "Ina raye ba za a yi wa bishiyar surukina yankan mahauta ba."

A ranar nan ne kuma mutanen unguwa suka yi sallama a ƙofarsa. Mai unguwa ne a gaba, Abu Tanyus da Sitt Wadi'a na biye, kowa riƙe da baƙin reshe kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa.

Mai unguwa ya ce, "Abu Nadim, duk bishiyar da ka taɓa ta kamu. Wadda ba ka taɓa ba tana nan kore shar. Me ka gani?"

"Na ga Allah ya taimake ku na riga ciwon zuwa. Da ban yi musu rigakafi ba, da yanzu itacen girki kuke tarawa."

Sitt Wadi'a ta ce, "Tawa shekara ashirin ko tari ba ta taɓa yi ba sai da ka ɗaga mata madubi."

"Hassada ce ta kama ta, Sitt Wadi'a, ta yi kyau da yawa. In kuma mai yaɗa ciwo kuke nema, ku tambayi mai zuma. Su wa ke yawo daga fure zuwa fure ba sallama?"

Abu Tanyus ya yi jajir har tsakar sanƙonsa. "Zumata? Zumata ce ke yawo da farar riga da almakashi a aljihu?"

"Ni dai ban kama suna ba."

"Mai zuma nawa ne a unguwar nan?"

Da ya ga an taso masa haiƙan, sai Abu Nadim ya ɗaga hannu ya ce su kwantar da hankali, saura magani ɗaya, na kakanni, wanda ba ya ƙarya. Zai tsorata ta da gatari.

Wannan al'ada kowa ya san ta a wurinmu. In bishiya ta ƙi haihuwa, mai ita yakan zo da gatari yana huci yana cewa yau sai ya sare ta. Sai maƙwabci ya riƙe masa hannu ya ce a yi mata haƙuri bana, shi ya tsaya mata. Mai gatari ya ƙi, a roƙe shi, ya ƙi, a sake roƙo, sannan ya haƙura. Wai bishiya tana ji, baɗi sai ta yi 'ya'ya don tsoro.

Mai unguwa ya ce, "Ai wannan na juya ne, ba na mai ciwo ba."

"Da mai taurin kai da mai ciwo duk suna son ransu. Ku zo ran Lahadi da la'asar ku ga aiki. In ta miƙe, sai in bi naku ɗaya bayan ɗaya."

Sai da suka watse ya tuna cewa wasan ba ya yiwuwa sai da mai roƙo, mai roƙon kuma bisa al'ada maƙwabcin jikin katanga ne. Ya leƙa ya yi murya ƙasa ƙasa.

"Abu Tanyus, ɗan'uwana. Maganar zuma wasa nake yi."

"Na sani."

"Ran Lahadi in na ɗaga gatari, kai dai ka riƙe ni."

"In riƙe ka."

"Ka ce a yi mata haƙuri, ka tsaya mata. Zan ƙi, kada ka damu, ka sake roƙo."

"To."

Duk mai hankali ya ji yadda "to" ɗin nan ta fito da sauƙi zai koma ya sake tunani. Abu Nadim kuwa ya tafi wasa gatari yana waƙa.

Ran Lahadi bayan gidan ya cika, wasu a kan katanga, wasu a kan soron Sitt Wadi'a, mata sun toshe hanci da gyale saboda taki. Abu Tanyus ya zo da kujerarsa da ɗan kofin gahawa ya zauna a gaba. Umm Nadim tana tsaye a ƙofar kicin ta naɗe hannu. Can sai ga Abu Nadim ya fito cikin farar riga, gatari a kafaɗa, gashin baki ya sha kaki har yana ƙyalli.

Ya zaga bishiyar yana huci. "Ke. Me na rage ki da shi? Na yi miki askin da ko ɗan majalisa bai samu ba. Na yi miki wanka, na shafa miki turare, na ciyar da ke har maƙwabta suka ƙaurace mini. Sakayyar ke nan? Ki tsaya mini baƙi ƙirin a gaban mutane?"

Aka yi dariya, wasu suka tafa. Tafin nan ne ya hau masa kai. Maimakon ya tsaya a kan abin da kakanni ke faɗa, sai ya saki gatari da hannu ɗaya, ya kama gashin bakinsa ya ɗaga murya.

"Na rantse da wannan gashin baki, in babu wanda ya tsaya miki, yau sai kin kwanta a ƙasa!"

Jama'a suka kalli juna. Ya ɗaga gatari sama da hannu biyu ya jira. Abu Tanyus ya hura gahawarsa ya kurɓa.

Abu Nadim ya yi gyaran murya. "Na ce, in babu wanda ya tsaya mata."

Abu Tanyus ya ce, "Mun ji, maƙwabci. Muryarka tana fita."

"To zan sare ta fa."

"Bishiyar gidanka ce."

Gatarin ya fara yi masa nauyi a sama. Abu Nadim ya karkata baki ya yi raɗa, raɗar da har na kan soro suka ji. "Tashi ka riƙe ni mana, kai."

"Wallahi na so, amma zumata ta hana ni. Ta ce an ɓata mata suna a gaban mai unguwa, ba za ta ga na tsaya wa kowa a gidan nan ba."

Dariya ta ɓarke har wani ya kusa faɗowa daga katanga. Abu Nadim ya juya wajen Sitt Wadi'a.

Ta ce, "Kada ka kalle ni. Ni warin awaki ya toshe mini kunne."

Ya juya wajen mai unguwa. Mai unguwa ya buɗe hannuwa. "Ni shaida ne, shaida ba ya roƙo. Na dai ji rantsuwa, kowa ma ya ji."

Gumi ya fara narkar da kakin, bakin gashin na hagu ya sunkuyo. Babu wanda ya rage sai mutum ɗaya. Ya ce, "Umm Nadim, ke ba za ki ce komai ba? Bishiyar babanki ce fa."

Ta tako a hankali ta tsaya kusa da gindin, ta ɗora hannu a kan tabon nan da mahaifinta ya ɗaure. Idonta ya cika da hawaye, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"In tsaya mata don me? In ka ajiye gatari yau, gobe tawul ne, jibi taki. Sare ta, Abu Nadim. Gatarinka ya fi maganinka sauƙi, shi sau ɗaya ne."

Ba wanda ya sake dariya. Abu Nadim ya dubi matarsa, ya dubi hannunta a kan tabon, kuma a karo na farko tun da aka fara wannan sha'ani ya ji kunya ta gaske. Ya sauke gatarin a hankali ya jingine shi da katanga. Ya shafa gashin bakinsa gefe da gefe, kamar mai sallama da baƙo.

Ya ce, "A kawo kujera."

Abu Tanyus ya miƙe tsam ya ba da tasa, har yana naɗe hannun riga. Abu Nadim ya ce, "Kai kuma wa ya kira ka? Mutumin da ya kasa riƙe gashin kansa ba zai taɓa nawa ba. Umm Nadim ce za ta yi."

Ta shiga ta fito da kayan shagonsa a tire. Ta ɗaura masa ƙyalle a wuya, ta shafa kumfa, ta buɗe aska ta nufo leɓensa. Sai ya zabura ya riƙe mata hannu.

"Ke, tsoma ta a sifirit tukuna. Wa ya gaya miki ana ɗora ƙarfe a jikin mai rai haka nan? So kike ki sa mini ciwon wani?"

Umm Nadim ta tsaya da aska a hannu tana kallon sa. Mai unguwa yana kallon sa, Sitt Wadi'a daga kan soro tana kallon sa. Ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta daidai idonsa.

Ta ce, "Ashe ka sani."

Ta tsoma askar, ta ja sau biyu, kiwon shekara arba'in ya sauka a kan ƙyalle. Abin da ya bayyana a ƙarƙashi wani ɗan leɓe ne fari fat, wanda rabonsa da rana tun kafin a haifi Nadim. Abu Tanyus ya ɗauki madubin nan ya ɗaga masa, jama'a kuma tun daga katanga har soro suka haɗa baki suka ce, "Na'iman!"

Umm Nadim ba ta bari ya tashi da kumfa ya shige ɗaki ba. Ta ce ya faɗi inda zarto yake, ya ce yana ƙarƙashin katifa, a gefen da take kwana. Aka ɗauko. Ta riƙe kwalba, ya hau tsani, tana auna masa kamu guda da hannunta yana sarewa, kowane yanka ya miƙo zarto ta wanke. In ya ce, "Nan ai ya isa," sai ta ce, "Ƙara ƙasa." Kafin rana ta faɗi bishiyar ta koma gindi da 'yan dungulmin hannuwa uku. Aka kwashe takin, aka tara rassan da tawul ɗin baƙi aka cinna musu wuta. Washegari mai unguwa ya rataya wa Abu Nadim kwalbar a wuya da igiya, aka zaga da shi gida gida yana gyara ɓarnarsa, ya rufe baki da gyale kamar mai ciwon haƙori. Ɗaya daga cikin na Abu Tanyus ba ta yi rai ba, sauran suka sha.

Duk lokacin sanyin nan Umm Nadim takan fita ta duba gindin. Da bazara ta shigo, sai ga toho kore a saman tabon, ga wani, ga wani, babu mai lanƙwasa kai. Ta zauna a ƙasa ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta shiga ta dafa wa mijinta gahawa da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Shi kuwa ko gama sha bai yi ba ya nufi teburin mai gahawa, da ɗan sabon gashin bakinsa da bai kai a murɗa ba. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kun gani? Na ce muku tsoro ne maganinta. Gatari bai girgiza ta ba, amma da ta ga abin da na yi wa gashin bakina da kaina, sai ta ce mutumin da bai bar wannan ba, ni zai bari? Abu Tanyus, taka ɗayar nan da ta rage na ga tana ɗan yaushi. Gashin bakinka bai kai nawa ba, amma a gwada. Kawo fuskarka, kyauta zan yi maka."

Abu Tanyus ya rufe bakinsa da tafin hannu ya ja kujera baya. Almakashin lambu dai har yau yana cikin akwatin Umm Nadim, makullin kuma yana wuyanta.